Kayayo Ta Sauke Kayan Ƙarshe a Maamobi

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har baki, ni Zalia Mumuni, a madadin kaina da yayana Ukasha, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan sana'a na Maamobi, Nima, New Town har zuwa Madina, rasuwar abokiyar aikinmu kuma mai riƙe da tukunyar gidanmu, wadda kowa ya sani da suna Kayayo. Ta cika ranar wata Talata da hantsi, makonni kaɗan da suka wuce, a ɗakinmu da ke bayan masallacin Malam Alu, bayan jinyar wata uku da 'yan kwanaki. Ta yi shekara tara a duniya.

Kafin in rubuta wannan takarda sai da na tambayi Malam Alu ko ya halatta. Ya ce istirja'i dai ana yinsa a kan kowace asara, babba ko ƙarama, amma kada in roƙa mata gafara, tunda ba ta da zunubi kuma ba ta jiran lada. Na bi maganarsa. Na yi istirja'ina a zuci, sauran kuma ga shi a rubuce.

Ga wanda bai san marigayiya ba, ba mutum ba ce. 'Yar ƙaramar manhaja ce ta kwamfuta, wadda ba ta kai nauyin hoto ɗaya na waya ba. Masu zanen gine-gine na Osu da East Legon suna gina gida a cikin kwamfuta tun kafin a haƙa tushe, da bangonsa da tagoginsa da kujerunsa har labule. Sannan a lulluɓe kowane abu da abin da mu a ɗakinmu muke kira fata, wato bayanin da ke gaya wa kwamfuta cewa wannan katako ne, wancan gilashi, wancan kuma tayil mai sheƙi. Daga nan sai a miƙa wa wata manhaja ta haska gidan, ta fitar da hoto kamar an ɗauka da kyamara. Shi ake kira renda. Matsalar ita ce manhajojin renda suna da yawa, kuma kowacce da yarenta. Ofis zai gina gida da wannan, mai gidan da ke zaune a London ko Dubai ya ce mutanensa da waccan suke aiki. In ka ɗauki gidan ka kai, gangar jiki za ta isa lafiya, amma fata ta zube a hanya. Gida ya iso tsirara, toka-toka daga rufi har ƙasa, sai mutum ya zauna kwana huɗu yana mayar masa da fata da hannu, ƙofa bayan ƙofa.

Aikin marigayiya ke nan. Takan ɗauki gida da fatarsa daga wannan manhaja ta sauke a waccan, komai a wurinsa, kafin kokon da ke hannunka ya huce.

An haife ta a wani shagon intanet da ke kan titin Nima, a kan kwamfuta ta shida daga ƙofa, inda Ukasha yake tsaron shago kuma yake koya wa kansa rubuta kod idan babu mutane. Sunanta kuwa daga mahaifiyarmu ta samo shi. Mma Memunatu ta sauko daga Walewale tana budurwa, ta yi shekara goma sha bakwai tana ɗaukar kayan mutane a ka a Kasuwar Malam Atta. Kayayo ake kiran mata masu wannan aiki. Abin alfaharin Mma a duniya shi ne ba ta taɓa fasa wa kowa ƙwai ba. Ranar da manhajar ta fara aiki, Ukasha ya zo gida da waya ya lallaɓa Mma ta yi magana a ciki. Tun daga ranar, duk lokacin da aka ɗora wa Kayayo gida, sai ka ji muryar Mma ta ce, "Agoo!", kiran da masu dako suke yi a kasuwa don a ba su hanya. In ta gama kuma ta ce, "Kaya ya iso," da wata 'yar dariya a ƙarshe wadda Ukasha ya ƙi yankewa. Mma, da Hausarta ta kasuwa wadda ba ta raba mace da namiji, yaron nan naka take ce mata, kuma har ta rasu shekara huɗu da suka wuce tana tambaya ko yaron yana cin wuta da yawa.

Zuciyar marigayiya wani jadawali ne mai layi ɗari shida da 'yan kai. Wata manhajar santsin abu take aunawa, wata kuma kaushinsa, kuma mai gaggawa zai ce ai sai a juya lambar kawai. Ukasha ya gwada haka, katako ya fito kamar an shafa masa manja. Sai ya shiga tsince-tsince. Ya samo guntun katakon odum daga wajen kafinta, da fasasshen tayil, da yankin kwanon rufi mai tsatsa, da tasar silba ta Mma, da ƙyallen karammiski daga ƙarƙashin keken wani tela. Da hantsi sai ya baje su a tsakar gida, ya ja kwamfuta bakin ƙofa, ya kalli abu a rana, ya kalli fuskar kwamfuta, ya canza lamba, ya sake kallo. Shekara biyu yana wannan. Matan gidanmu suka fara ba Mma shawarar a kai shi wajen masu ruƙiya. Ta ce su bar shi, shi ma dako yake koyo. Kowane layi na jadawalin nan da ido aka auna shi, kuma idon mutum ɗaya ne.

Waɗanda suka yi hulɗa da ita za su shaide ta. Ba ta taɓa neman intanet kafin ta yi aiki ba. In an ɗauke wuta tana tsakiyar hanya, ba ta watsar da kaya, da wuta ta dawo sai ta ɗauka daga inda ta tsaya. Ba ta raina ƙaramin aiki, ta ɗauki kantin magani mai ɗaki ɗaya da irin kulawar da ta ɗauki bene mai hawa goma sha ɗaya. Kuma ba ta ƙarya. In ta haɗu da fatar da ba ta sani ba, ba ta yin kame-kame, sai ta shafe abin da kore shar mai kashe ido ta rubuta sunansa a gefe, don kada a wuce ba a gani ba. Fawaz, abokin Ukasha tun suna yara, wanda yake zagaya ofisoshi da babur yana kawo mana aiki, yakan ce a duk Accra ita kaɗai ce ma'aikaciyar da ke nuna inda ta kasa tun ba a tambaye ta ba.

Ciwo bai fara shigowa gidanmu ta wajenta ba, ta idon Ukasha ya shigo. Ya fara da bugun kafaɗa a bakin ƙofa, da wuce mutane a lungu ba gaisuwa, har wasu suka ce aikin manya ya sa shi girman kai. Shi kuwa ya ɗauka gajiyar kallon kwamfuta ce, ya sayi tabarau a bakin titi ya ci gaba. Lokacin da na ja shi asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, maganin ɗigawa ragowar kawai zai riƙe, shi ma na ɗan lokaci. Na hagu ya riga ya mutu. Da na dama yana gani kamar mai leƙe ta bututun biro. Shekara ɗaya da rabi bututun ya yi kafin ya rufe, kuma duk wannan lokacin a kaina ya ƙarar da shi. Ya ce gara ya koya mini aikin yana iya ganin inda nake kuskure.

Haka na gaji Kayayo. Shi kuma ya koma kan benci a bakin ƙofa, yana aiki da kunne. In fankar kwamfuta ta ɗaga murya sai ya ce wannan bene ne, hawa nawa, in ce huɗu, ya ce haka ya ji. In muryar nan ta ce kaya ya iso, yakan amsa ƙasa-ƙasa, sannu Mma, yana zaton ba na ji. Shekara biyu muka yi a haka. Ba mu yi arziki ba, amma ba a taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba, kuma maganin idonsa bai taɓa yankewa ba.

Jinyar marigayiya ta fara bayan ƙaramar Sallah. Masu babbar manhajar renda, wadda kusan duk ofisoshin Accra suka koma kanta, suka fitar da sabon zubi, suka canza yadda take lissafa haske. Ba don mu suka yi ba, ba su ma san da mu ba. Alamar farko, tagogin wani gida a Madina suka iso kamar an zuba su da siminti. Na ɗauka kuskurena ne, na gyara da hannu ban gaya wa kowa ba. Mako na gaba katako ya fara zuwa a jiƙe. Sai wata Alhamis na ɗora mata wani ƙaramin asibiti, ta ce agoo, fanka ta tashi, ta sauka, shiru. Ukasha ya karkata kai yana jira. Bayan kamar minti goma ya tambaye ni ko ba ta sauke ba. Na ce ba ta sauke ba.

Wata guda na yi ina ɗaukar gidaje da hannu, kwana huɗu ko biyar kowanne, Fawaz yana yi mini ƙarya a ofisoshi cewa wuta ce ke damun unguwarmu. Na riƙe tsohon zubin a kwamfuta, amma fayilolin da ofisoshi ke aikowa yanzu ba sa buɗewa a cikinsa. Daga ofis bakwai muka koma uku. A nan ne Ukasha ya ce in buɗe cikinta, zai yi mata aiki.

Mun fara gwada muryar nan ta kwamfuta da ke karanta wa makafi rubutu. Ta karanta masa layi biyar da Turancin hanci, a guje, ya ce in kashe ta, ya fi son bakina. Ni kuwa ban san kod ba. Na san tuƙa Kayayo ne kawai, kamar direban motar haya ta trotro da bai taɓa kwance inji ba. Saboda haka kullum daga bayan koko har azahar nakan zauna ina karanta masa abin da ban fahimta ba, harafi harafi, buɗe baka, rufe baka, ruwa biyu, aya, shi kuma yana zaune hannu a gwiwa, leɓɓansa suna bina. Wani lokaci yakan riga ni faɗin layin da ke tafe, layin da ya rubuta shekara tara da suka wuce. Sai ya tsayar da ni ya ce goge nan, rubuta kaza, in rubuta in sake karanta masa.

A mako na biyu na tsallake aya ɗaya a karatu. Ayar nan ta cinye mana kwana uku muna nema a inda ba ta nan. Da muka gano, Ukasha ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba tun ina 'yar firamare, ya ce me amfanin ido a kan wanda ba ya kallo. Na fita na zauna wajen Lamisi mai sayar da waakye, shinkafa da wake, a bakin lungu har ta kwashe tukunya. Da na dawo na same shi inda na bar shi, bai taɓa abincinsa ba. Bai ba ni haƙuri ba, cewa ya yi in koma layi na ɗari biyu da tara in karanta a hankali, ba sauri muke ba. Na san haƙurin ke nan.

A rana ta ashirin da uku, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, muka ɗora mata ƙaramin asibitin nan, ta ce agoo, fanka ta tashi, sai muka ji, "Kaya ya iso." Ukasha ya miƙe tsaye har ya bugi benci. Matan gida suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi.

Amma tafiya kawai ta dawo, kayan a hargitse suke isowa, domin jadawalin nan na tsohon haske ne. Dole a sake auna layi ɗari shida da ido. Na fito da kwalin tsince-tsincensa daga ƙarƙashin gado, na baje a tsakar gida kamar yadda yake yi, na zama idonsa. Da farko abin ya ƙi. In na ce ya ɗan yi ja, sai ya ce ɗan nawa, ja kamar me. Har muka samo hanya. Nakan ce jan kamar tsatsar ƙofar shagon Lamisi, ya ce saman ƙofar ko ƙasanta, ƙasa ta fi duhu don ruwa na taɓa ta. In ce sheƙin kamar man da ke kwanciya a kan shito, soyayyen yajin nan, ya ce to rage biyu a layi kaza. In rage, katako ya koma katako a gabana. Duk Maamobi tana nan a kansa, bango bango, har launin kwatar bayan masallaci in rana ta faɗa ciki. Muka gyara katako, muka gyara siminti, da kwanon rufi, da tayil. Kwanakin nan su ne mafi daɗi da muka yi tun rasuwar Mma, kuma ba zan ɓoye ba, na fara sa rai.

Sai Fawaz ya kawo falon wani otal da za a gina a bakin teku. Ya ce aiki ne na babban ofishin da ya rage mana, sun ce in wannan ya fito da kyau za su ci gaba da mu, kuma kwana huɗu suka bayar. Komai na falon ya ƙetare lafiya, sai labule. Labule ne dogaye na shuɗin karammiski, daga rufi har ƙasa, zagaye da falon. Karammiski mugun abu ne a wannan sana'a, domin launinsa na canzawa da inda ka tsaya, duhu a tsakiya, haske a bakin ninki, kuma lamba bakwai ke riƙe da shi, in ka taɓa ɗaya sauran shida su motsa. Ni ban taɓa yinsa da hannu ba, kullum Kayayo ke yi. A gwajin farko ya fito kamar tamfol. Ukasha ya tambaye ni wane irin shuɗi ake nema. Na ce irin na mayafin da Mma take sawa da Sallah.

Ya ce, "Zalia, ban gan shi ba."

Na ce, "Mai bakin farin zare, Yaya. Wanda take ajiyewa a ƙasan akwati."

Ya ce, "Na san wanda kike nufi. A Zongo Lane aka saye shi, ni na riƙe mata jaka. Ina ganin akwatin, ina ganin zaren. Shuɗin ne babu. Ja yana nan, ruwan ƙasa yana nan. Shi ya tafi, ban san yaushe ba."

Na kawo masa misalin sama, na kawo masa bulan wanki, na kawo rigar 'yan makarantar da ke wucewa ta ƙofarmu. Ya ce sunaye kawai yake ji. Daga nan ya shiga jefa lambobi. Ya faɗa, in sa, ya ce yanzu fa, in ce bai yi ba, ya sake faɗa. Kwana uku muna haka. Ya daina cin abinci, muryarsa ta dushe. A rana ta uku da la'asar ya faɗi wasu lambobi ya ce yanzu fa. Labulen da ke gabana kamar ledar kasuwa yake, shuɗi mai ƙyalli, ba nauyi ba zurfi. Na kalli labulen, na kalli yayana. Na ce ya yi, Yaya, shi ne. Ya sauke numfashi, ya yi dariya, ya ce ai ya san yana nan wani wuri, ya ce in sayo masa waakye da ƙwai biyu. Na yi niyyar gyarawa da kaina kafin Fawaz ya zo. Na gwada, abin da na iya kawai shi ne na ƙara masa duhu. Haka aikin ya tafi.

Ranar Talata da hantsi Fawaz ya zo. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi jiki, ya tambayi zafi, ya tambayi Malam Alu. Bai san abin da na yi ba. Ya ce ofis sun dawo da aikin, mai otal ya tambaya ko leda za a rataya masa a falo. Ina yi masa alama da hannu, amma magana ta riga ta fita. Ukasha ya juyo da fuskarsa wajena, ya ɗan kauce kaɗan, yana kallon inda muryata ta fito na ƙarshe.

Fawaz ya goge gumi ya ce, "Chale, abokina, akwai saura, gara ku ji daga bakina." Ya ce ashe sabon zubin ya zo da maɓallinsa na ɗauko fata daga sauran manhajoji. Da aikinmu ya ƙi, wani a ofis ya danna, falon ya ƙetare cikin minti biyu, mai otal ya karɓa. Sauran ofisoshin ma sun ji labari. Ya ce hotunan biyu suna wayarsa, namu da nasu. Ukasha ya ce ya miƙa mini.

Sannan ya ce mini, "Ki duba da kyau. Kada ki tsaya a labule. Duba katako, duba ƙasa, duba tagulla. Wanne ya fi?"

Na duba. Nasu ba shi da rai. Katakonsu ba na kowace bishiya ba ne, tayil ɗinsu bai san rana ba. Da Kayayo tana da lafiyarta da ta ba shi kunya. Amma babu abin da ya fashe a ciki, shuɗi shuɗi ne, kuma ba mai otal ɗin da zai yi tambaya.

Na ce, "Nasu, Yaya."

Ya ce, "Har katakon?"

Na ce, "Katakonmu ya fi. Amma ba wanda zai lura sai ni."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, rufe ta."

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata ne. Wannan muka ɗauka a matsayin lokacin cikawarta.

Na nemi gafarar Ukasha a kan ƙaryar da na yi masa. Ya ce babu komai, da shi ne ma haka zai faɗa. Amma tun ranar, in na ce masa rigarsa ba datti, sai ya shafa ya shinshina. In na ce ruwa ya ɗauke, sai ya miƙa hannu ta taga. Bencin bakin ƙofa yanzu matan gida ke shanya tabarmi a kai, shi yana ciki da rediyo. Wasu sun ba ni shawara in koyi kod in sake gina ta. Fawaz ya ce maɓallin baɗi zai fi na bana, na shekarar da ke binta kuma ya fi na baɗi. Ko da ta tashi da lafiyarta gobe, babu mai kayan da ke jiranta.

Marigayiya ta bar jadawali mai layi ɗari shida, rabi sabo rabi tsoho, wanda ba shi da inda zai zauna. Ta bar kwali ɗaya na katako da tayil da ƙarfe mai tsatsa. Ta bar tsohuwar kwamfuta mai fanka mai tari. Ta bar gidaje sama da ɗari uku a tsaye a Accra da Tema da Kumasi, mutane suna kwana a ciki ba su taɓa jin sunanta ba. Ta bar muryar Mma, gutsure biyu, waɗanda na kwashe na sa a waya, ko da yake har yau ba wanda ya kunna. Ta bar Fawaz, wanda ya koma kai saƙon abinci da babur ɗinsa. Ta kuma bar mu biyu.

Ni na sami wuri a maɗaba'ar Osman a New Town, taku kaɗan daga Kasuwar Malam Atta. Fastocin jana'iza nake tsarawa. Ana kawo mini hoton mutum a wajen biki, in yanke shi daga cikin 'yan uwansa, in sa masa gajimare a baya, in jera sunayen waɗanda ya bari. A can na koyi yadda ake rubuta irin wannan takarda. Wannan ce ta goma sha huɗu da na tsara a makon nan, kuma ita kaɗai ce ba wanda ya aiko ni.

Game da jana'iza, babu wanka, babu likkafani, babu makara. Na so in ajiye ta a filashi in sa a akwati, Ukasha ya ƙi. Ya ce muddin tana nan, kansa ba ya daina bin layukanta yana neman inda zai gyara, kuma yana so ya huta. Saboda haka ranar Juma'a bayan la'asar za a goge ta daga kwamfuta, da ita da duk kwafinta. Shi ya ce zai danna. Ni zan ɗora masa yatsa a kan maɓallin.

Za a yi zaman makoki kwana uku a ɗakinmu, daga hantsi zuwa magariba. Akwai koko da ƙosai da safe, abincin rana kuma Lamisi ta ce a bar mata. Ba za a yi sadakar bakwai ba, ba za a yi ta arba'in ba.

Iyali suna roƙon masu zuwa ta'aziyya abu uku. Kada a kawo maganin ido, na kwalba ko na ƙulli, ko lambar wani mai magani a Tamale da ya buɗe idon ƙanin wani, aljihun teburinmu ya cika. Kada a ce mana wata ƙofa za ta buɗe, mun ji, kuma muna jira, amma ba a kwana ukun nan ba. A zo a zauna kawai, a yi masa hirar ƙwallo da ta unguwa. Kuma duk wanda ya zo, don Allah ya faɗi sunansa tun daga bakin ƙofa, ko da yana ganin Ukasha ya san muryarsa. Yana gajiya da yin kamar ya gane.